Kati huɗu, jiki ɗaya

Ni tela ne. Duk wanda ya san keken ɗinki ya san hannu jan yadi kawai yake yi, ƙafa ce ke ciyar da gida. Yau idan na cire takalmi zan yi alwala, yatsu uku nake gani a ƙafata ta dama. Biyun sun tafi tun 2018, kuma saura ƙiris ƙafar ta bi su har zuwa ƙasan gwiwa. 'Yata ce ta matsa mini in ba da labarin nan. Ina faɗa tana rubutawa a waya, don idona ba ya jure ƙananan baƙaƙe yanzu. Ba zan kama sunan kowa ba, kuma ba zan faɗi asibitin da aka yi kuskure ko wanda aka gyara ba.

A Tudun Wadan Kaduna aka haife ni a 1968. Mahaifina ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, zamanin da jiniyar canjin aiki ke kaɗawa ka ga kekuna sun cika titi kamar an saki fari. Da na gama sakandare ni ma can na shiga, na yi shekara 18 a gaban inji. A 2007 aka rufe masaƙarmu. Ina da mata da 'ya'ya biyar, na koma wajen kawuna na zauna a benci ɗaya da yara sa'annin ɗana ina koyon yanka da ɗinki. Allah ya sa wa abin albarka, bayan shekara uku na kama shagona kusa da Kasuwar Barci.

A 2013 ƙishirwa ta fara damuna. In sha ruwa, kafin in ajiye kofi maƙogwaro ya bushe. Da dare sai in tashi fitsari sau biyar ko shida. Wandunana duk suka yi mini yawa. Maiɗakina ce ta lura da tururuwa na taruwa a makewayi bayan na fito, ta ce, "Malam, wannan abin irin na marigayiya Inna ne, ka je a auna ka." Aka auna ni da safe ban ci komai ba, suga ya nuna 14. Likita ya ce daga 7 zuwa sama ciwon suga ne. Ya rubuta mini ƙwayoyi biyu, metformin da glibenclamide, ya ce in daina shan zaƙi, ya kira na gaba. Ban ga laifinsa ba, layin da ke bayana ya kai bakin ƙofar waje. Wannan shi ne katina na farko.

Na biyu ya zo a 2015, da ciwon kai da jiri suka kai ni wani ƙaramin asibitin kuɗi kusa da shago aka ce hawan jini ne. Na uku na ciwon baya da gwiwa ne, ciwon duk wani tela, a wani wurin daban. Can aka ba ni diclofenac na mako biyu. Da ya ƙare sai na ci gaba da saye a kemis, har mai kemis ɗin ya fara ƙulla mini haɗi a 'yar leda, ƙwayoyi huɗu, da wata 'yar mitsitsiyar fara a ciki. In na sha sai in ji garau, in kai ƙarfe biyun dare a kan keke. Na huɗu na ido ne, wajen mai gilashi, da zare ya fara gagarata shiga allura. Ga kuma jiƙon da Yaya take aiko mini daga gida, da ruwan shuwaka da nake sha da safe.

Haka aka raba jikina kamar naman watanda, kowa ya ɗauki kasonsa ya tafi. Mai suga bai san mai hawan jini ba, mai hawan jini bai san abin da mai kemis ke ƙullawa ba. Ni ne kaɗai ɗan aike a tsakaninsu, kuma ban isar da saƙo ba. Gaskiya ita ce ban taɓa gaya wa likitan suga ina shan haɗin kemis ko jiƙo ba. Bai tambaya ba, ni kuma ina tsoron faɗa da tsawa a gaban mutane. Da tafin ƙafata ya fara yi mini kamar ina taka auduga, da dare kuma ya riƙa zafi kamar an shafa barkono, na gaya wa na hawan jini. Ya ce wannan na likitan suga ne. Ranar da na ga likitan suga, kafin in tuna an riga an miƙo mini takarda. Shekara biyar ina zuwa asibitoci, ba wanda ya taɓa cewa in cire takalmi ya ga ƙafata.

Azumin 2018 ya kama a tsakiyar watan Mayu. Wanda bai yi ɗinki ba ba zai gane yadda watan azumi yake a shagon tela ba. Shadda da yadi sun kai rufi, kowa yana son nasa kafin daren sallah, a shago muke buɗa baki, a nan muke sahur. Wajen goma ga wata, wani yarona ya sunkuya zai ɗauki almakashi sai ya ce, "Oga, jini ne a kan feda." Na duba. Allurar keke ce da ta karye ta huda silifas ɗina ta shige ƙarƙashin ƙaramin yatsa. Ban san tun yaushe take ciki ba. Ko kaɗan ban ji zafi ba, shi ya sa na zare ta, na ɗaure da ƙyalle, na ci gaba da taka keke.

Bayan kwana uku wurin ya kumbura, na tafi asibitin da katin sugana yake. Lokacin ma'aikatan lafiya waɗanda ba likitoci ba suna yajin aiki a asibitocin gwamnati da yawa a ƙasar nan, yajin da aka fara a watan Afrilu bai ƙare ba sai ƙarshen Mayu. Na samu likita ɗaya zaune, baranda fayau. Ba mai ciro kati, ba nas da za ta wanke ciwo, ɗakin gwaji a rufe, tagar magani a rufe. Bawan Allahn nan ya duba ƙafar, ya yago takarda ya rubuta gwaje-gwajen da zan je in yi a waje, ya ce in nemi mai yi mini diresin kullum, kuma in daina taka ƙafar. Na gan shi yana juya biro a hannu kamar manomin da aka ƙwace wa fartanya. Ni kuwa na lissafa kuɗin gwaji, na tuna kayan mutane da ke jirana, na naɗe takardar na sa a aljihu. Wannan laifin nawa ne, ba na ɗora wa kowa.

Wani maƙwabci ya riƙa zuwa yana wanke mini da aidin. Yaya ta zo ta ga ƙafar ta ce, "Wannan ba ciwon asibiti ba ne, taka ka yi. Shagonka ya cika da aiki, kana tsammanin kowa murna yake?" Ta kawo mai magani ya barbaɗa wani gari. Ba na jin haushinta, da ƙaunarta ta yi. Na kai azumina har ƙarshe, na gama ɗinkin mutane.

Kwana biyu bayan sallah wari ya cika ɗaki. Maiɗakina ta kwance ƙyallen, ta yi shiru, sannan ta ce, "Malam, yau ko ka yarda ko kada ka yarda, sai mun tafi." Yatsu biyu sun yi baƙi ƙirin. Washegari aka shiga da ni tiyata aka cire su. Na kwana tara aka sallame ni.

Likitan da ya yi aikin ya iya aikinsa, ɗinkinsa ma a matsayina na tela na yaba. Sai dai takardar sallamar maganar ciwo kawai ta yi. Ranar ganin likitan suga aka ba ni watan Satumba. A cikin magungunan da aka haɗo ni da su akwai wata ƙwayar suga mai wani suna da wani kwali daban, na ɗauka sabon magani aka ƙara mini, na riƙa haɗa ta da tsofaffin nawa. An ɗebi jinina don auna ƙoda ana gobe za a sallame ni, sakamakon ya fito bayan na tafi, ya shige fayil ya kwanta. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Nawa bangon tsagewa huɗu ya yi.

Farkon watan Agusta, da asuba, maiɗakina ta tashe ni salla ta same ni sharkaf da gumi, jikina na rawa, ina surutai marasa kan gado. Ta ɗauka shanyewar ɓarin jiki ce. Maƙwabcinmu ya ɗauke mu a motarsa zuwa asibitin da ya fi kusa, ba wanda aka yi mini aiki ba. Suga ya faɗi zuwa 2.3. Aka ɗura mini ruwan suga ta jijiya na farfaɗo, da rana ya sake faɗuwa, sai aka ba ni gado. Da suka kwance ƙafar, wurin aikin bai warke ba, ya zama gyambo, ruɓa ta fara bin tafin ƙafa.

A ɗakin maza akwai wata nas babba, 'yar kudancin Kaduna, Hausa a bakinta kamar 'yar Zazzau. Baba tela take ce mini, ko da yake ta kusa sa'ata. Ta tsaya a kaina da yamma ta ce, "Baba tela, mutum ba ya faɗuwa sau biyu a rana ɗaya haka kawai." Ta juya ga 'yata, lokacin tana da shekara 19, ta ce, "Ki je gida ki kwaso mini duk abin da Baba yake haɗiya. Na asibiti, na kemis, na gargajiya, ko ƙwaya ɗaya kar ki bari. Ba faɗa zan yi ba." Wannan kalma ta ƙarshe ita ce ta kwance ni. Da ta nuna alamar faɗa, da na yi wa yarinyar ido ta ɓoye rabi.

Baƙar leda guda ta cika. Sista ta zazzage ta a kan gado, iri 11, ta aika aka kira mai harhaɗa magunguna. Saurayi ne siriri mai magana a hankali. Ni a da abin da na sani game da su shi ne hannu ta taga, a karɓi takarda a miƙo leda. Yaron nan ya ja kujera ya zauna kusan awa guda. Ya ɗaga kwali biyu ya ce, "Baba, waɗannan suna biyu ne amma magani ɗaya ne, glibenclamide, kamfani ne kawai ya bambanta. Ninki biyu kake sha tun da aka sallame ka." Ya kwance ƙullin kemis, ya ware 'yar farar ƙwayar nan ya ce sitiroyid ce, tana tayar da suga, tana hana ciwo warkewa, tana rage wa jiki ƙarfin yaƙi da ƙwayoyin cuta. Diclofenac kuma, shekara biyu kusan kullum a jikin mai suga da hawan jini, ƙoda yake ci. Idan ƙoda ta yi rauni, maganin suga ba ya fita da wuri, sai ya taru ya kayar da mutum. Na ce to a zubar da su duka. Ya ce a'a, ita farar ba a barin ta dare ɗaya bayan an daɗe ana sha, a hankali ake janye ta, kuma likita ne zai tsara yadda za a yi.

Ina so in faɗi abin da ya biyo baya, don kada wani ya ɗauka komai lami lafiya ya tafi. Da mai harhaɗa maganin ya kai wa ƙaramin likitan da ke bakin aiki bayanin, ina jin su ta bayan labule. Likitan ya ɗaga murya ya ce, "Aikina za ka koya mini? Ka koma tagarka." Gabana ya faɗi. Ina kwance ina jin mutum biyu masu ilimi suna ja-in-ja a kan wa ya isa ya yi magana, alhali ƙafata ce ke ruɓewa. Yaron bai mayar ba, ya rubuta abin da ya gani a fayil ya sa hannu. Da safe babbar likitar ɗakin ta zo zagaye, ta karanta, ta sa aka kira shi. A gaban kowa ta ce ya kyauta, kuma daga ranar tana so ya riƙa bin su zagaye. Shi ma ƙaramin likitan ba ta kunyata shi ba, ta ce shi zai tsara janye sitiroyid ɗin tare da shi. Kafin in bar asibitin na gan su biyun suna cin abinci a kwano ɗaya.

Mutumin ɗakin gwaji shi ma da ƙafarsa ya kawo sakamakona, bai jira masinja ba. Ƙodata tana aiki ne kamar kashi 38 cikin 100. An dangwali ruwan ciwon da auduga an kai musu, bayan kwana uku ya dawo ya ce maganin kashe ƙwayoyin cuta da na yi mako shida ina sha ba ya taɓa ƙwayar da ke ƙafata, ga wanda zai kashe ta. Mai harhaɗa magani ya ce to, amma wannan ƙodar ba za ta ɗauki cikakken awo ba, ya yi lissafi ya rage. Likita ta duba ta sa hannu, Sista ta ɗaura. Magani ɗaya ya bi ta hannu huɗu kafin ya shiga jijiyata, kuma kowane hannu ya gyara wani abu. Ƙwayoyin suga aka ajiye su, aka mayar da ni kan allurar insulin.

Ranar Alhamis suka taru a bakin gadona su bakwai. Likitan fiɗa ya duba ƙafar, ya duba hoton ƙashi, ya ce shawararsa a yanke daga ƙasan gwiwa. Ya ce, "Idan muka jira guba ta shiga jini, rai za a rasa." Ba mugu ba ne, ya ga irin wannan da yawa, kuma daga baya na fahimci sau da dama maganarsa ce gaskiya. Babbar likita ta ce ba a taɓa ba ƙafar nan dama ba, suga bai taɓa daidaita ba, ga sitiroyid, ga maganin da bai dace ba, duk yanzu aka gyara su. Sai ta juya ta ce, "Sista, ke ce ke buɗe ciwon nan kullum, me kike gani?" Sista ta ce gefen naman ja ne, in ta goge yana fitar da jini, kuma tana jin bugun jijiya a bayan ƙafa da kusa da idon sawu, ga yatsunsu su taɓa. Likitan fiɗa ya sunkuya ya taɓa da kansa. Ya daɗe. Sannan ya ce ya ji.

Daga nan suka dube ni. Babbar likita ta ce, "Malam, ƙafarka ce. Ga hatsarin jira, ga hatsarin yankewa. Me ka gani?" Tunda nake zuwa asibiti ba a taɓa tambayata abin da na gani ba. Na ce ni tela ne, a ba ni kwanakin. Aka yi sharaɗi. Likitan fiɗa zai kankare mataccen naman a tiyata, a jira kwana 10. Ya ciro biro ya zagaye iyakar jan da ke ƙafata, ya ce in ja ya tsallake wannan layin, ko zazzaɓi ya tashi, ba sauran shawara. Na ce na yarda.

Kwana goman nan ban taɓa ganin masu tsawonsu ba. Kullum da asuba kafin in yi salla a zaune, sai in haska fitilar waya in dubi layin biro. Mutumin da ke gadon kusa da ni, direban babbar mota, an yanke tasa, da dare ina jin sa yana cewa yatsun da babu su suna masa ƙaiƙayi. Na riƙa lissafin kuɗin makarantar yara, na riƙa tuna benci a shagon kawu, ina tambayar kaina ko mutum zai iya fara rayuwa karo na uku. A dare na huɗu jikina ya yi ɗumi, na kira maiɗakina na ce idan an yanke ta sayar da kekunan biyu ta riƙe ɗaya saboda yaro. Ta ce, "Malam, ka bar maganar nan, Allah bai gama da kai ba." Ta juya baya tana gyara kwanuka, na san kuka take. Nas ta dare ta auna ni sau uku kafin gari ya waye, zafin ya sauka. A rana ta bakwai ja ya ja baya da layin kamar faɗin yatsa. Likitan fiɗa ya zo ya gani, ya dafa kafaɗata, ya ce wa Sista, "Kin yi gaskiya."

Sauran aikin na masu sauran sana'o'in ne. Likitar abinci ba ta ba ni takardar abincin Turawa ba. Ta zaunar da maiɗakina ta tambaye ta me ake dafawa a gidanmu, nawa ake kashewa a cefane. Ta ce tuwo ba haramun ba ne, malmala ɗaya daidai dunƙulen hannuna, miyar kuka ko kuɓewa ko zogale ta fi tuwon yawa, a ƙara wake. Ta ce acca da alkama da mutane ke cewa abincin masu suga ne, in an cika kwano su ma suna tayar da shi. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne shayi da burodin dare da lemon kwalba, abincin tela. Ita da Sista suka daidaita lokacin allura da lokacin cin abinci, don kada in yi allura abinci ya makara. Mai gashin ƙashi, wato mai koyar da motsa jiki, ya koya mini tafiya da sanduna biyu ba tare da ƙafar ta taɓa ƙasa ba, ya ce gyambon tafin ƙafa ba ya warkewa muddin ana taka shi. Shi ne kuma ya nuna mini motsin da ya rage ciwon bayan da ya jefa ni hannun kemis tun farko. Ya zana irin takalmin da zan sa, mai faɗin baki, mai taushin ciki, 'yata ta kai wa shumeka. Jami'ar walwala ta bi mana aka rage wani abu a kuɗin gado, 'yan'uwana teloli suka yi karo-karo suka cike.

Ido kuma aka haɗa ni da wasiƙa zuwa Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke hanyar Mando. Suka ɗiga mini magani ƙwayar idon ta buɗe, suka leƙa ciki suka ce suga ya fara lalata ƙananan jijiyoyin bayan ido, abin da gilashi ba ya gyarawa. Daga baya aka yi mini aikin leza a na hagu. Suka ba ni amsar wasiƙar na mayar wa babbar likita. Karon farko ke nan da na ga takarda ta je ta dawo.

Kwana 41 na yi. Ranar sallama Sista ta sa 'yata ta sayo littafin rubutu na 'yan makaranta. Kowa ya rubuta shafinsa, likita, mai harhaɗa magani, mai abinci, mai gashi, da lambobin gwajina. Ta ce duk inda zan je, ko kemis ne, in fara miƙa littafin kafin in buɗe baki. A gabana ta kira ma'aikaciyar ƙaramin asibitin unguwarmu a waya, ta gaya mata yadda ake wanke ciwon da abin da in ta gani za ta turo ni nan take. Wannan baiwar Allah ta yi mini diresin duk bayan kwana biyu har gyambon ya rufe a watan Janairun 2019.

Da azumin 2019 ya gabato, babbar likita ta ce da insulin da irin ƙodata, azumi hatsari ne a gare ni. Na ce tun ina ɗan shekara 12 ban sha azumi ba. Ba ta yi gardama da ni ba. Ta rubuta bayanin da Hausa a littafina ta ce in kai wa malamin da na yarda da shi. Limaminmu ya karanta, ya jawo mini ayar Suratul Baƙara da ta yi wa mara lafiya rangwame, ya ce wanda ciwonsa ba a sa ran warkewarsa ciyarwa zai yi, kuma karɓar sauƙin da Allah ya bayar shi ma biyayya ne. Ranar farko da na ci abinci da rana a ɓoye a bayan shago, hawaye na zuba a kwano. Har yanzu watan yana yi mini nauyi.

Idan na ji a rediyo ana taƙaddama tsakanin likitoci da sauran ma'aikatan lafiya a kan albashi ko shugabanci, ba hurumina ba ne in raba musu. Kowa yana da iyali, kowa ya sha wahalar karatu. Abin da na gani da idona shi ne likita shi kaɗai a baranda da biro, ya kasa yi mini komai, na kuma ga mai harhaɗa magani da gaskiya a hannunsa ana cewa ya koma taga. Duka biyun ni ne a kwance a tsakani. Yatsuna biyu ba rashin ƙwararru ne ya ci su ba, Kaduna cike take da su.

Yanzu na sa wa kekena mota, ɗan taɓi kaɗan yake so. A shago ba mai tafiya ba takalmi, kuma kullum da yamma yaro yana bin ƙasa da maganaɗisu yana tsince allurai. Da dare ina duba tafin ƙafata da madubi, inda ban gani ba maiɗakina ta duba. Bayan alwala ina goge tsakanin yatsu. Da hunturu da gwiwar hannu nake gwada ruwan zafi, kuma na daina miƙa ƙafa ga kaskon gawayi. Insulin ɗina yana cikin 'yar tukunyar ƙasa a kan jiƙaƙƙen yashi saboda rashin wuta. Kuɗinsa ya yi tashin da ya sa wani watan sai an yi dabara, ko da yake shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, KADCHMA, ya rage mini wani nauyin. Gwajin suga na wata uku da ya nuna kusan 12 lokacin da aka kwantar da ni, yanzu yana yawo a 7 da 'yan kai.

Mutanen nan sun watse. Babbar likita ta tafi aiki ƙasar waje, an yi wa mai harhaɗa magani canjin wuri, Sista ta yi ritaya ta koma garinsu, muna gaisawa a waya da sallah da Kirsimeti. Littafina na uku nake ciki. Watan jiya gwiwata ta matsa mini, na je na samu wani sabon likita matashi da bai san ni ba. Ya fara rubuta maganin ciwo tun ban gama magana ba. Na miƙa masa littafin na ce, "Likita, don Allah ka duba shafi na biyu." Ya ɗan ɓata rai, amma ya buɗe. Ya karanta rubutun yaron nan na 2018, wanda nake sa 'yata ta kwafe a kowane sabon littafi, ya dubi lambar ƙodata ta ƙarshe, ya soke abin da ya rubuta. Ya ɗaga waya ya kira ɗakin magani, suka yi magana kamar minti biyu, ya rubuta wani. Har na miƙe sai ya ce, "Baba, koma ka zauna. Cire takalmin in ga ƙafar."